Hure Maginiya da Jarrabawar Autarta

A Gangaren Marke, wani ƙauye da ke bayan Dawakin Tofa, idan ka tambayi gidan Malam Yahya sai a ce maka wane Yahyan, amma da ka ce gidan Hure maginiya kowa zai nuna maka hanya. Gidan yana bakin gari, inda gonar gero ta zo har jikin katanga. Da rani tun daga nesa za ka hangi tuluna da tukwane a jere suna shan rana.

Hure a cikin yumɓu ta buɗe ido. Uwarta maginiya ce, kakarta ma haka, kuma tun ba ta iya ɗaura zani ba take murza ƙananan kasake a gefensu. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Makarantar allo ta yi, ta samu abin sallah da 'yan surori, sannan ta auri Yahya, mutum mai sanyin hali da yawan kunya. Gonarsa ta gado ba ta ciyar da gida shekara, domin a wannan yanki ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, kowace gona an yi ta raba ta tsakanin 'yan'uwa har wata ta koma kamar tabarma. Inda rumbu ya gaza, tukwanen Hure ke cikewa. Mace ce gajera, mai faɗin tafin hannu, ba ta da yawan magana, kuma ba a san ta da shiga abin da ba nata ba.

'Ya'yanta huɗu suka rayu. Babban shi ne Tasi'u, wanda yake dako a kasuwar hatsi. Autar ita ce Tahira. Tana jaririya wani zazzaɓi mai zafi ya kama ta har aka fid da rai. Allah ya tashi kafaɗunta, amma daga nan komai nata a hankali yake zuwa. Ba ta yi magana ba sai da sa'o'inta suka iya rashin kunya. Idan ka aike ta da saƙo ɗaya za ta kai shi daidai, in ka haɗa mata biyu na biyun a hanya yake zubewa. Ga ta da fara'a, ba ta riƙo, kuma duk aikin da ta kama sai ta ga ƙarshensa.

Yahya bai yi niyyar sa ta a makaranta ba. Wanda ya zo har zaure ya nemi a ba shi ita shi ne hedimasta, Malam Abdulkabir, wani dogon mutum daga wajen Gezawa da ke zuwa kullum a kan tsohon babur.

"Malam, kanta ba ya ja," in ji Yahya. "Kada ta zame muku wahala."

"Ai ba tsere za mu yi ba," in ji hedimasta. "Ku ba ni ita, ta zauna cikin 'yan'uwanta."

Hure tana bayan katanga tana jin su, kuma daga ranar ta ɗauki mutumin nan da girma. Ba ita kaɗai ba. Makarantar azuzuwa shida ce, malamai uku har da shi kansa. Shi ya bi masu hali na garin da 'yan garin da ke birni har aka rufe ajin da iska ta yaye wa kwano. Idan malami bai zo ba, sai ya haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya ya tsaya a tsakiya. Ruwa ko rana, ƙarar babur ɗinsa ce agogon matan unguwa.

Tahira kuwa ta ɗauki makaranta kamar ita ta gina ta. Ita take riga kowa zuwa, ita take shara, ita take goge allo. Ta maimaita aji uku, ba ta damu ba. Da ta kai aji biyar ta fi kowa tsawo a ajin, tana rubuta sunanta da kyau, tana haɗa baƙi da wasali, sai dai kafin ta kai ƙarshen layi ta manta farkonsa.

A shekarar nan ne aka zo da sabon tsari. Aka ce duk 'yan aji biyar na jihar za su zauna jarrabawa iri ɗaya a rana ɗaya, karatu da lissafi, kuma ba malamansu ne za su tsare su ba, baƙi za a turo. Bayan haka za a jera makarantu daga ta sama har ta ƙasa, a karanta wa iyaye sakamako a bainar jama'a. Hedimastan da makarantarsa ta zo ƙarshe kuwa sai ya yi bayani, kuma yana iya rasa kujerarsa. An yi ta maganar a rediyo. Hure ta ji wani mai jawabi yana cewa iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ake koya wa 'ya'yansu, ta kuwa ga maganar ta yi daidai.

Makaranta ta ɗauki zafi. Aka sa darasin yamma. Malam Abdulkabir ya daina komawa gida sai gab da magariba, ya rame, muryarsa ta dishe. Tahira tana dawowa sai ta zauna kusa da uwarta a inuwar darbejiya, Hure tana cuɗa yumɓu, ita tana karanta littafinta da ƙarfi, tana bin kalma da yatsa. Hure ba ta san daidai take faɗa ko kuskure ba, amma takan ce mata, "Ƙara maimaitawa." Tasi'u ya zo gida ya kawo mata sabon fensir da abin gogewa. Ta ƙi amfani da su, ta ƙulle a tsumma ta ajiye a cikin wata tukunyar da ba a toya ba, ta ce sai ranar jarrabawa.

Ana saura 'yan kwanaki, hedimasta ya tsai da wasu magidanta bayan sallar la'asar, cikinsu har da Yahya. Da magariba Yahya ya shigo gida, Hure ta ajiye masa tuwo, ya daɗe yana kallon kwanon bai sa hannu ba.

"Hedimasta ya roƙe mu wata alfarma," ya ce. "Yana so yaran da karatunsu ke baya su zauna a gida ranar. Za a ce wa baƙin ba su da lafiya, ko sun yi tafiya."

"Har da Tahira?"

"Ita ya fara ambata. Da kunya ya faɗa, wallahi. Ya ce in suka zauna za su ja makarantar ƙasa."

"Kai kuma me ka ce, Malam?"

"Me zan ce? Mutumin da ya yi mana duk abin da ya yi. Na ce ba komai."

Hure ta dube shi. Can ta ce, "To, wa zai gaya mata?"

Yahya ya sunkuyar da kai. "Ke ce uwarta. Kin fi ni iya magana da ita."

Ta yi niyyar gaya mata da safe. Sai ta tarar yarinyar ta wanke kayan makarantarta tun ba a sa ta ba, tana tambaya ko akwai gawayin da za a sa a dutsen guga. Hure ta kasa gaya mata. Da rana ta yi, ta wanke hannu, ta nemi izinin mijinta, ta yafa mayafi ta nufi makaranta. Tunda aka gina wurin ba ta taɓa wuce bakin ƙofarsa ba.

Ta sami Malam Abdulkabir shi kaɗai a ɗan ofishinsa bayan an tashi yara. Ya miƙe ya ba ta benci, ta zauna a ƙasa. Suka gaisa, ya tambayi aiki, ta tambayi iyali. Ya san abin da ya kawo ta.

"Malam, ban zo da faɗa ba," ta ce. "Tambaya na zo yi. Me zan ce wa yarinyar nan?"

"Ki ce mata ta huta ranar, Inna Hure. Ki ce ba ta jin daɗi."

"Lafiyarta ƙalau, kuma ta san lafiyarta ƙalau. Kanta ne a hankali, amma tana gane in an ware ta. Kai ka zo har gida ka ce ba tsere ba ne."

Ya cire hularsa ya ajiye a tebur, ya shafa kai. "Lokacin da na faɗa, ba tsere ba ne. Yanzu an mai da shi tsere, kuma ba a tambaye ni ba. Za a auna mu da makarantun da kowane aji yake da malaminsa. Ba kujerar nake ji ba, Allah ya sani. In aka ɗauke ni, wa za a kawo muku? Wanda zai leƙo sau biyu a mako ya koma birni. Yaran gari duka nake dubawa, ba ɗaya ba."

Hure ta ga gaskiyarsa, abin da ya ƙara mata nauyi ke nan. Da mugun mutum ne da ta san abin da za ta yi.

"Amma Malam," ta ce a hankali, "an ce don a san halin da yara ke ciki ake yin abin. In aka ɓoye irin su Tahira, ai za a ce Gangaren Marke ba ta buƙatar komai."

"Haka ya kamata ya zama. Amma na daɗe a aikin nan. Sau da yawa ba sa tambayar me ya sa, wa za a kama kawai suke tambaya." Ya yi ajiyar zuciya. "Ba ni da ikon hana ta. Sunanta yana cikin 'yan aji. Roƙo na yi, ba umarni ba."

Ta yi masa godiya ta fito, ba ta yanke komai ba. A kwanakin da suka rage ta gina tulu ya karkace, ta rushe, ta sake ginawa ya sake karkacewa.

Ranar jarrabawa, kafin a idar da sallar asuba Tahira ta yi wanka ta shirya. Ta fito tsakar gida da farin hijabinta, fensir a hannu, ta durƙusa ta gai da ubanta. Yahya yana ɗaure wa jaki mangalar taki zai kai gona. Ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa. Hure ba ta hana ta ba, tana tsaye da mayafinta a kafaɗa.

"Baba, ka yi mini addu'a," in ji Tahira.

Yahya ya daɗe riƙe da igiyar. Sannan ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Allah ya ba da sa'a, ya buɗa miki." Ya juya wajen Hure. "Ki raka ta. In an yi magana, ki ce ni na ce."

Suka bi ta tsakiyar gari domin babu wata hanya. A ƙofar gidan maƙwabciyarsu Aina'u, ɗanta yana zaune a dakali da kayan gida, shi ma yana cikin waɗanda aka ce su zauna. Aina'u ta leƙo ta ga Tahira cikin shiri.

"Hure, ba a gaya muku ba ne?"

"An gaya mana."

Aina'u ta koma ciki. Kafin su kai rijiyar gari sai ga yaron a guje yana saka riga. Labari ya riga su isa wasu gidajen. Ba duka aka saki ba, amma yawancin waɗanda aka tsare sun iso makaranta a ranar, wani ko wanka bai yi ba.

Malam Abdulkabir yana tsaye a bakin aji tare da baƙi biyu, mace da namiji. Ya hango su. Hure ta ga fuskarsa ta sauya, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma bai hana yaran shiga ba. Ya sa aka ƙaro benci daga aji huɗu, ya karɓi fensirin Tahira ya feƙe mata da rezarsa, ya nuna mata wurin zama kusa da taga.

Hure ta zauna a gindin marken da ke bakin makaranta har rana ta take. Da aka tashi, Tahira ta fito tana gumi, yatsunta duk baƙin fensir.

"Inna, na rubuta sunana a duka takardun. Na amsa na farko-farkon. Lokaci ne ya ƙare."

"Madalla," in ji Hure. "Mu je ki ci abinci."

Sakamako bai fito ba sai da kaka, ana cikin yankan gero. Aka tara iyaye a filin makaranta, maza a gaba a kan tabarmi, mata a baya. Wani jami'in ilimi ya tashi ya karanta. A duk ƙaramar hukumar, makarantar Gangaren Marke tana cikin na can ƙasa. Yawancin 'yan aji biyar ba su iya karanta gajeren labari su faɗi abin da ke ciki ba, har da 'ya'yan da iyayensu ke alfahari suna zuwa na ɗaya da na biyu. Gunaguni ya tashi a wurin. Hure ta ji wata a bayanta tana cewa da an bi maganar hedimasta da ba a sha wannan kunya ba, kuma kowa ya san wadda ta ɓata shiri.

Jami'in ya nemi hedimasta ya yi bayani. Malam Abdulkabir ya tashi ya ce abin da aka karanta gaskiya ne, haka yaransa suke. Ya faɗi yawan malamansa, ya faɗi yadda aji ke yin rabi da damina saboda noma. Bai ambaci sunan kowa ba. Da aka ce ko iyaye suna da magana, dattawa biyu suka yi. Sai Hure ta ji kanta ta miƙe. Muryarta ba ta kai gaba ba, har sai da aka ce ta ɗaga.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. 'Yata tana cikin waɗanda suka faɗi. Amma mutumin nan kullum yana nan. In za a kama wani, ba shi ba ne. Malamai za ku ƙaro mana, ku bar mana shi."

Jami'in ya gyaɗa kai ya ce zai isar da saƙo. Ko ya isar ko bai isar ba, Hure ba ta sani ba. Kafin sanyi ya wuce aka mai da Malam Abdulkabir wata makaranta can wajen Kunci, kuma ba a matsayin hedimasta ba.

Wannan rani ya yi wa Hure tsawo. Wasu matan sun daina aiko 'ya'yansu sayen tukunya, gara su je kasuwa. A gidan suna akan amsa gaisuwarta a taƙaice. Yahya ma ya sha magana a majalisa, amma ko sau ɗaya bai kawo mata ita gida ba. Abin da ya fi cin ta shi ne tafiyar mutumin. Ta zaɓi yumɓu mai kyau ta gina randa babba, ta goge ta har tana ƙyalli, ta toya ta ita kaɗai. Ranar da ya zo sallama da mutanen gari, ta sa aka fito da ita zaure.

"Malam, ka yafe mini," ta ce daga bakin ƙofa. "Ni na jawo maka."

"Ba ke ba ce, Inna Hure. An ce ko da yaran nan sun zauna a gida, ba za mu yi nisa ba. Da na yi ƙarya a banza." Ya ɗan yi murmushi. "Na ji haushinki ranar, ba zan ɓoye miki ba. Ya wuce. Ki bar Tahira ta ci gaba da zuwa makaranta."

Randar ba ta hau babur ba, sai da Tasi'u ya nemi motar da za ta bi ta can ya ɗora ta.

Tsoron Malam Abdulkabir ya tabbata da farko. Wanda aka kawo a madadinsa bai cika zama ba, makaranta ta yi sanyi. Bayan shekara aka sauya shi da wata mace, Malama Maimunat, aka kuma ƙaro malamai biyu. Wasu suka ce sakamakon nan ne ya jawo, wasu suka ce zaɓe ne ya matso. Malama Maimunat ta ji labarin Hure, ta sa aka ba ta kujerar iyaye mata a kwamitin makaranta. Hure ta ƙi, ta ce ita ba ta iya magana ba, sai da Aina'u da wasu mata suka matsa mata. A taro ba ta cika cewa komai ba. Abin da take yi shi ne, da damina takan bi gidaje da sassafe tana roƙon a bar yara su je aji kafin su tafi gona, kuma idan jarrabawar jiha ta matso takan tambaya ko kowa zai zauna. Makarantar ta ɗan ɗago a shekarun da suka biyo, ba ta taɓa zuwa sama ba.

Tahira ta gama firamare, ta yi shekara biyu a ƙaramar sakandare, sannan ta ce ita ta gaji. Ba wanda ya tilasta mata. Tana karatu a hankali, amma tana yi, kuma ita ke duba wa ubanta saƙo a waya. Ta kama sana'ar gidansu, hannunta ya faɗa, musamman a kasko da murhu.

Yanzu gwiwoyin Hure sun fara ba ta wahala, ba ta iya sauka ramin yumɓu, sai dai a haƙo mata. Idan aka tuna mata zancen jarrabawar nan ba ta ɗaukarsa abin yabo. Takan ce ta yi wa 'yarta abin da uwa za ta yi, amma yaran gari sun yi asarar shekara guda da malamin kirki, kuma har yau ba ta iya auna wanne ya fi nauyi ba. An gaya mata Malam Abdulkabir ya yi ritaya ya koma garinsu yana kiwon tumaki. Duk wanda ta ji zai bi ta Gezawa, sai ta ce in ya gan shi ya gaishe shi.